Tarihin Karta da Mutanen da Suka Ƙirga Kuskuren Ƴan Caca

Duk wanda aka cinye a caca magana ɗaya gare shi. Zai ce yau ba shi da sa'a, gobe zai rama. Wanda ya ci kuma zai ce gwanintarsa ce. Shekaru ɗaruruwa ana wannan gardama, a ƙasarmu da ƙasashen waje, ba wanda ya raba ta. Daga baya wasu mutane suka ce a bar musu da baki, a ɗauko takarda da alƙalami. Suka bi wasan karta hannu bayan hannu suna ƙirgawa, har suka san abin da kowane kuskure yake ci a aljihun mai shi. Tarihinsu za mu kawo muku. Akwai lissafi a ciki, amma bai fi ƙarfin wanda ya iya ƙirga buhunan ayarsa ba. Ku dai tuna dala 200 ita ce jikka 1, don da jikka za mu yi awo.

Caca ta riga karta zuwa

Kakanninmu sun san caca tun karta ba ta zo ba. Da wuri suke yin ta, kuɗin wancan zamani. A watsa wuri a ƙasa, a duba nawa suka kife, nawa suka yi rigingine. Wanda faɗuwar ta yi wa daidai ya kwashe. Malamai sun yi ta faɗa da ita, don Alƙur'ani ya yi maganarta a Suratul Baƙara, ya hana ta a Suratul Ma'ida. Duk da haka ba ta mutu ba.

Kada a haɗa ta da dara. Dara gurbi 30 ce, kowa da ƴaƴansa 12, kuma kome a fili yake. Wanda aka ci a dara ya san inda ya yi kuskure, ƴan kallo ma sun gani, har su yi masa dariya. A caca kuwa akwai abin da ke ɓoye. Wani lokaci ka yi wauta ka ci, wani lokaci ka yi daidai a cinye ka. Shi ya sa mutum zai shekara goma yana kuskure ɗaya bai gane ba, yana ɗora wa sa'a laifi.

Ita karta baƙuwa ce. A ƙasar Sin aka fara yin ta, inda aka fara yin takarda. Daga can ta biyo fatake har Masar. Sarakunan Masar da ake kira Mamluk suna da tasu mai kyakkyawan zane, akwai sauranta a ajiye a birnin Istambul. Daga hannun Musulmi ta ƙetare teku ta shiga Turai wajen 1370. Ba ta daɗe ba ta tayar wa hukuma hankali: a 1377 mahukuntan birnin Fulorans na ƙasar Italiya suka kafa doka a kanta. Wajen 1480 Faransawa suka yi mata zanen da muka sani, iri biyu ja, iri biyu baƙi. Karta 52 ce a kwali, iri huɗu, kowane iri 13.

Wasu sunayen karta na Hausa, kamar kubbi da subati, daga bakin Larabawa aka aro su. Faransawa kuma suka zo da nasu wasannin, irin su bilot. Abin da ya ba karta ƙarfi a karkara shi ne kuɗi. An kafa kuɗin sefa a watan Disamba na 1945. Noman gyaɗa ya bunƙasa a jihar Maraɗi, har gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don sayen ta. Manomin Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji ya kan karɓi guminsa na shekara a rana ɗaya, kuma inda kuɗi suka taru ƴan caca ba su nisa. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, aya da wake da riɗi suka tare mata. Al'adar dai ba ta sake ba: kaka ta yi, a shimfiɗa tabarmar karta.

Wasan ashirin da ɗaya

Cikin wasannin karta duka, wanda aka fi aunawa shi ne ashirin da ɗaya. Amurkawa suna ce masa bilakjak. Tsohon wasa ne. Marubucin ƙasar Sifen, Cervantes, ya ambace shi a wani labari da aka buga a 1613, labarin wasu yara biyu masu maguɗin karta. Faransawa suka ɗauke shi, daga nan ya kai Amurka. A 1931 jihar Nebada ta halatta caca, aka gina manyan gidajen caca a Las Begas da Reno, wasan ya sami gida.

Ga yadda ake yin shi. Kowace karta tana da lamba. Daga 2 zuwa 10, lambar da ke jikinta. Masu hoton mutum duk 10 ne. As kuma 1 ce ko 11, yadda ta fi maka. Ɗan wasa da mai rabo yake karawa, shi mai rabo kuwa ma'aikacin gidan caca ne. A ba ka karta biyu. Mai rabo ma ya ɗauki biyu, ya buɗe ɗaya ya kife ɗaya. Sai ka zaɓa: ko ka ja wata, ko ka tsaya. Wanda ya fi kusa da 21 ya ci. Wanda ya zarce 21 ya ƙone. Idan kartarka biyu na farko suka ba da 21 daidai, a biya ka jikka ɗaya da rabi a kan kowace jikka.

Mai rabo ba shi da zaɓi. Doka ta ɗaure shi: in yana da 16 ko ƙasa, dole ya ja. In ya kai 17, ya tsaya. Wannan doka ita ta sa wasan ya aunu. Tun da an san abin da mai rabo zai yi, saura a auna abin da ɗan wasa ya zaɓa.

To, ina ribar mai gida take? Ga ta. Ɗan wasa shi ke fara ja. In ya ƙone, nan take a kwashe kuɗinsa. Ko mai rabo ya ƙone daga baya, ba a mayar masa. Mai rabo yana ƙonewa kusan sau 28 cikin 100. Wanda ya bi irin dokarsa shi ma haka zai ƙone. Kusan sau 8 cikin 100 su biyun za su ƙone tare, kuma duk na mai gida ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya gina gida, ya sa fitilu, ya biya ma'aikata, ya san inda zai fanshe.

Sojoji huɗu da keken lissafi

Tun da daɗewa masana suke taɓa lissafin sa'a. Wani likitan Italiya mai suna Cardano, wanda shi kansa ɗan caca ne, ya rubuta littafi a kai. Ya rasu a 1576, ba a buga littafin ba sai 1663. A 1654 Faransawa biyu, Pascal da Fermat, suka yi ta aika wa juna wasiƙa a kan yadda za a raba kuɗin caca in wasa ya tsaya bai ƙare ba. Daga nan ilimin ya kafu. Amma ashirin da ɗaya ya gagara, don hanyoyin da karta za ta iya faɗuwa sun yi yawa.

A 1953, a wani barikin soja da ake kira Aberdeen, a jihar Merilan ta Amurka, wasu sojoji huɗu suka ɗauki aikin. Sunayensu Roger Baldwin, Wilbert Cantey, Herbert Maisel da James McDermott. Cantey baƙar fata ne, saje ne, ya yi karatun lissafi mai zurfi. Ba su da kwamfuta. Keken lissafi na tebur gare su, irin na ofis. In sun tashi aiki sai su zauna su ɗauki hannu ɗaya: ina da 12, mai rabo ya nuna 4, in ja ko in tsaya? Su ƙirga duk abin da zai iya biyowa. Su gama, su ɗauki wani hannun. Haka suka yi ta yi har abin ya kammala.

A 1956 suka buga sakamakon a mujallar masana ƙididdiga ta Amurka, a 1957 suka mai da shi ɗan littafi. Abin da suka fitar jadawali ne. Kowane hannu da za ka riƙe, da kowace karta da mai rabo zai nuna, an rubuta zaɓin da ya fi. Daga ranar nan kuskure ya sami ma'auni. Da, kowa da ra'ayinsa. Yanzu akwai tiya. Duk zaɓin da ya saɓa wa jadawali kuskure ne, kuma ana iya faɗin ko nawa yake ci.

Ga babban abin da jadawalin ya nuna, bayan an ƙara gyara shi da kwamfuta. Mutumin da ba ya kuskure ko ɗaya, a yawancin gidajen caca, shi ma asara yake yi. Cikin kowace jikka 100 da ya zuba, yau da gobe, kusan rabin jikka na mai gida ne. Gwanin gwanaye ke nan.

Malamin da ya firgita masu gidan caca

Wani matashin malamin lissafi, Edward Thorp, ya karanta aikin sojojin. A 1958 ya je Las Begas ya gwada. Sai ya lura da wani abu: kartar da ta fita ba ta komawa kwali sai an sake cakuɗawa. Ke nan wanda ke riƙe ƙirgan abin da ya fita ya san abin da ya rage. In manya suka fi yawa a sauran, wasa ya karkata wajen ɗan wasa. Ya kai lissafin ga babbar kwamfutar IBM 704 a makarantar MIT inda yake koyarwa. A 1961 wasu masu kuɗi suka ba shi dalar Amurka 10,000 ya gwada a Nebada, cikin ƴan kwanaki ya ciwo 11,000. A 1962 ya buga littafinsa, aka yi ta rububin saye.

Masu gidan caca suka tsorata. A 1964 na Las Begas suka canza dokokin wasa. Ƴan wasa suka ƙaurace, ba a daɗe ba aka mai da tsofaffin dokoki. Sai suka sake dabara. Maimakon kwali ɗaya suka haɗa huɗu, daga baya shida ko takwas. Suka riƙa cakuɗawa da wuri. Wanda suka ga yana ƙirgawa su kore shi. Bayan shekara ta 2000 da yawa suka rage ladan 21 na farko: mai jikka 10 da ake ba 15, ya koma 12.

Ku ji yadda abin ya ƙare. Littafin Thorp ya jawo dubban mutane zuwa teburin ashirin da ɗaya, kowa yana ganin ya sami asiri. Kaɗan ne suka iya riƙe ƙirgan. Sauran suka zuba kuɗinsu suka tafi. Littafin da aka rubuta don a karya mai gida, shi ya cika masa gida da baƙi.

Masu tsayawa bayan ƴan wasa

Jadawali ya nuna yadda ya kamata a yi. Saura a ga yadda mutane suke yi. Wani malamin lissafi na birnin Sakaramento a Kalifoniya, Peter Griffin, ya shiga wannan aiki. A 1970 ya je Nebada don ya shirya darasi a kan lissafin caca, aka cinye shi. Ya koma gida ya duƙufa, a 1979 ya buga littafi a kan wasan. A 1987 ya zaga gidajen caca na Las Begas, Reno, Tafkin Taho da Atlantik Siti. Ya tsaya bayan ƴan wasa yana rubuta zaɓinsu, hannu fiye da 10,000. Ya gwada kowane zaɓi da jadawali. Ya samu cewa kuskure kawai yana cin kusan jikka ɗaya da rabi cikin 100. A haɗa da rabin jikkar da mai gida ke da ita tun asali, ya zama kusan jikka 2. Wato kashi uku cikin huɗu na ribar mai gida, ƴan wasa ne ke miƙa masa da hannunsu.

Wani zai ce jikka 2 cikin 100 ai ba wani abu ba ne. Ku duba da kyau. Ba a kan kuɗin da ka shigo da su ake cirewa ba, a kan duk abin da ka zuba ne. Jikkar da ka ci ka sake zubawa, an sake yi mata aski. Hannu 100 ba ya cin awa biyu. Mai zuba jikka ɗaya-ɗaya, in ya yi hannu 200 a dare, ya zuba jikka 200, ya bar 4. In ya yi dare 30 ya bar 120. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

A ƙasar Holan ma, masana halin ɗan Adam biyu, Keren da Wagenaar, sun bi ƴan wasa 112, suka buga abin da suka gani a 1985. A 2009 wasu malamai biyu na Amurka, Carlin da Robinson, suka duba hannu fiye da 4,000 da na'ura ta rubuta a wani teburi na Las Begas. Duka sun tarar da abu ɗaya. Kuskuren mutane ba barkatai yake ba, gefe ɗaya yake karkata. Carlin da Robinson sun ce kashi 80 cikin 100 na kuskuren daga tsoro yake: mutum ya tsaya inda ya kamata ya motsa. Masu zuba manyan kuɗi ma haka suke yi.

Kuskure biyar da farashinsu

Na farko, tsayawa don tsoron ƙonewa. Kana da 16, mai rabo ya nuna 7. In ka ja, lamba 5 ce kawai cikin 13 za ta cece ka: as, 2, 3, 4 da 5. Sauran 8 ƙonewa ce. Sai zuciya ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma mai rabo da ya nuna 7, sau 26 kawai cikin 100 yake ƙonewa. In ka tsaya, ka ci 26, a cinye ka 74. Cire 26 daga 74, asara jikka 48. In ka ja, asarar kusan 41 ce. Duka biyu asara ne, amma ɗaya ta fi ɗaya da kusan jikka 7. Me ya sa mutane ke zaɓen mai tsada? Don wanda ya ja ya ƙone yana jin shi ya kashe kansa. Wanda ya tsaya aka cinye shi sai ya ce ƙaddara ce. Yana biyan jikka 7 don kada ya zargi kansa. Mai cewa shi ba ya yarda ya ƙone ko sau ɗaya, asararsa ta kai kusan jikka 4 cikin 100.

Na biyu, kwaikwayon mai rabo. Wani ya ce tun da mai rabo ke ci, bari in bi dokarsa. Ya manta shi ke fara ja. Wannan yana barin fiye da jikka 5 cikin 100, ninki goma na mai bin jadawali.

Na uku, inshora. In mai rabo ya nuna as, sai ya ce wa ke son kariya? Ka zuba wani kuɗi a gefe. In kartarsa ta kife mai 10 ce, a biya ka biyu a kan ɗaya. Mu ƙirga. Cikin lamba 13, huɗu ne masu 10. Ka zuba jikka ɗaya sau 13. Sau 4 ka ci, jikka biyu-biyu, 8 ke nan. Sau 9 a cinye ka. Ka ci 8, ka ba da 9. Sunanta kariya, amma ta fi wasan kansa tsada nesa ba kusa ba.

Na huɗu, cewa lokacina ya yi. An cinye mutum sau biyar a jere, sai ya ce na shida dole nasa ne. An rubuta cewa a watan Agusta na 1913, a gidan caca na Monte Karlo, a wani wasa na ja da baƙi, baƙi ya fito sau 26 a jere. Mutane suka yi ta tula kuɗi a kan ja, suna cewa ai yanzu dole ya zo. Suka yi asarar miliyoyi. Wuri ba ya tuna yadda ya faɗi ɗazu. Kartar da aka sake cakuɗawa ba ta san ana bin ta bashi ba.

Na biyar, bin asara. An ci ka jikka 1, ka zuba 2 don ka rama. An ci, ka zuba 4, sai 8, sai 16, sai 32, sai 64. Ku tara: jikka 127 sun tafi a hannu bakwai. Na takwas yana son 128. In ma ka ci, ribarka duka jikka ɗaya ce. A nan ake sayar da tunkiyar uwargida, a nan ake jinginar da gona. Garin neman gira a rasa ido.

Mu dawo gida

A ƙauyukanmu ba a cika yin ashirin da ɗaya ba, amma tiyar nan tana auna kowace caca. Mu ɗauki ta dawaki. An kafa PMU a Faransa wajen 1930. A 1954 wani mai suna André Carrus ya ƙago tiyarse, wato ka faɗi doki na ɗaya da na biyu da na uku. A Nijar kamfanin gwamnati LONANI ya kawo ta, har mutumin Maraɗi ya riƙa zuba kuɗi a kan dokin da ke sukuwa a Faransa, bai taɓa ganin ko jelarsa ba. In dawaki 16 ne, na ɗaya zai iya zama kowane cikin 16, na biyu cikin 15, na uku cikin 14. A riɓa su: hanya 3,360. In biyar ake so a jere, hanya 524,160. Kuma ga tsarin: a tara kuɗin kowa, kamfani da gwamnati su cire nasu tukuna, sannan a raba saura. Ko wane doki ya zo, masu zubawa gaba ɗayansu sun karɓi ƙasa da abin da suka zuba.

A watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar da aka yi a kan bikin FIMA, an ƙone rumfunan caca a Maraɗi. A shekarar nan kuma jihohin Zamfara da Katsina, maƙwabtanmu, suka fara aiki da shari'a, wadda ta hana caca. Amma caca ta sami wata ƙofa, ta shiga salula. Saurayi yana zaune a fada a Caduwa ko Tibiri, shayi na kan wuta, yana zuba kuɗi a kan ƙwallon Ingila da Sifen. Ya haɗa wasa goma a takarda ɗaya don ladan ya yi kauri. Kowane wasa hanya uku ne: ci, ko kunnen doki, ko a ci ka. Wasa goma, hanya 59,049 ke nan, ɗaya ce daidai. A ce gwani ne, yana dacewa sau ɗaya cikin biyu a kowane wasa. Dacewa goma a jere sau ɗaya ce cikin 1,024. Ya kan dace da tara ya faɗi a ɗaya, ya ce saura ƙiris. Wannan ƙiris ɗin ita ke mai da shi gobe.

Su kuwa ƴan wala-wala masu karta uku ranar kasuwa, nasu ba ya bukatar lissafi. Saurin hannu ne. Waɗanda kuka ga suna ci a gabanku abokansu ne, da yamma tare za su raba.

Kowa ya auna nasa

Sojojin nan huɗu ba su da wani asiri. Abin da suka fi sauran ƴan wasa da shi, sun rubuta. Zuciya tana riƙe ranar ci, ta zubar da kwana ashirin na asara. Takarda ba ta yin haka.

Saboda haka ga gwaji, ga duk wanda caca ta kama, ko yake da ɗa ko ƙane da ta kama. A sami ɗan littafi. A ja layi a tsakiyar shafi. A dama a rubuta abin da aka zuba, a hagu abin da aka karɓa. Kowace rana, ko dala biyar ce, kada a tsallake. In wata ya cika a tara kowane gefe, a cire ƙarami daga babba. Abin da ya fito a je kasuwar Gazawa ko ta Gidan Rumji a tambayi kuɗin tiyar hatsi, a ga tiya nawa ke nan. Sannan a tuna da watan da rumbu ke ƙarewa, ana noma ana yunwa, hatsi ya yi tsada. Magidanci ya kira iyalinsa ya karanta musu lambar da bakinsa, in zai iya.

Masana sun auna sun gama. Mai tsoro yana barin jikka 4 cikin 100. Mai kwaikwayo yana barin fiye da 5. Matsakaicin ɗan wasa yana barin 2. Gwanin da ba ya kuskure yana barin rabi. Wanda bai zauna a tabarmar ba, jikkarsa 100 tana nan 100. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, ku yi lissafin tare a ƙasa da tsinke, kowa ya gani da idonsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi sa mu ci guminmu da iyalinmu lafiya.